Jan Gemu da Shuɗin Kitso: Tarihin Rina Gashi a Birnin Zazzau

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa lungunan birnin Zariya, musamman unguwannin malamai irin su Kusfa da Kona da Juma, ba zai rasa cin karo da dattijo mai jan gemu ba. Yaro kan ɗauka cewa haka Allah ya halicce shi, babba kuwa ya san aikin lalle ne. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi inda wannan al'ada ta samo asali, da dalilin da ya sa ja ya zama launin gemun tsofaffi alhali kakanninmu mata shuni suke shafa wa kitsonsu. Wannan maƙala za ta bi sawun lalle da sauran tsirran da Bahaushe ya yi amfani da su wajen rina gashi, tun daga hanyar da suka biyo suka iso ƙasar Zazzau, har zuwa lokacin da rinin kanti ya shigo ya nemi ture su gefe. Maganar ta wuce ta kwalliya, domin kuwa a cikinta akwai tarihin fatauci, da na karatu, da kuma batun lafiyar jiki.

Asalin Lalle da Hanyar da Ya Biyo

Lalle ƙaramin itace ne mai son zafi, wanda ba ya buƙatar ruwa mai yawa. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis. A ƙasar Hausa akan shuka shi a garka ko a bayan gida, wani lokaci ma a yi shinge da shi, a riƙa tsinkar ganyen ana shanyawa a inuwa, a daka a tankaɗe. Ɗan Adam ya daɗe da sanin amfaninsa. Alal misali, a shekarar 1976 an kai gawar sarkin Masar Ramsis na Biyu birnin Faris na ƙasar Faransa domin a yi mata maganin wata funfuna da ta fara cin ta. Wannan sarki ya mutu wajen shekara 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da kimanin shekara 90 a duniya. Da masu bincike suka duba gashin kansa, sai suka tarar cewa furfura ce aka rina da lalle, sa'an nan alamun da ke cikin silin gashin sun nuna cewa a ƙuruciyarsa mai jan gashi ne na halitta. Ke nan fiye da shekara 3000 da suka wuce an riga an san dabarar mayar wa tsoho launin ƙuruciyarsa da ganyen itace.

A Afirka ta Yamma kuwa, ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da ake da su shi ne na malamin Andalus, al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a 1068. Da yake siffanta Audagust, wani birnin fatake a kudancin Muritaniya ta yau, ya ambaci gonakin lalle masu yawan albarka. Wannan ya nuna cewa tun ƙarni na 11 lalle ya riga ya ƙetaro Sahara ya zauna a garuruwan da ayari ke sauka.

Ita kanta kalmar tana ba da labarin tafiyarta. Larabawa suna cewa hinna'u. Masana harsuna da dama suna ganin cewa Hausa ta karɓi kalmar lalle ne daga bakin Abzinawa, waɗanda ke cewa anella, ba kai tsaye daga Larabci ba. Barebari suna cewa nalle, Yarbawa kuma laali. Idan mai karatu ya jera waɗannan sunaye, zai ga hanyar fatauci shimfiɗe a gabansa: daga hamada zuwa Katsina da Kano, daga nan zuwa Zazzau, wadda ita ce ƙofar kudu, sa'an nan zuwa Nufe da ƙasar Yarbawa. Fataken da suka kai kanwa da fata kudu suka dawo da goro, su ne suka kai wa mutanen can ganyen tare da sunansa.

Abin da Littattafan Zaure Suka Koyar

Fatake ne suka kawo ganye, amma malamai ne suka ba jan gemu matsayinsa. Musulunci ya kafu a fadojin ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a wannan tsakanin ne ake danganta musuluntar sarautar Zazzau. Tun daga lokacin littattafan mazhabar Malikiyya suka zama abin karatu a zaurukan birane. Bayan jihadi, da Malam Musa ya karɓi Zariya a farkon ƙarni na 19, karatun ya ƙara ƙarfi, unguwannin malamai suka cika da ɗalibai daga nesa da kusa.

Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilimi, yakan fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin ya kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. A ƙarshen Risala, cikin babin da ya tattara ladubban jiki da tufafi, marubucin ya bayyana cewa rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da ya kai ga haramci ba, amma babu laifi a rina shi da lalle ko da katam. Wanda ya ci gaba zuwa hadisi zai tarar da asalin wannan hukunci. Muslim ya ruwaito cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyadina Abubakar (RA), kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a sauya wannan fari da wani abu, amma a nisanci baƙi. An kuma ruwaito daga Anas (RA) cewa Sayyadina Abubakar yana rini da lalle haɗe da katam, Sayyadina Umar (RA) kuwa da lalle zalla.

Sai dai a cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya sassauta, ya nuna cewa barin rinin gaba ɗaya ma babu ƙunci a cikinsa. Wannan sassauci yana daga cikin abin da ya sa jan gemu bai game dukkan malaman ƙasar Hausa ba, kamar yadda ya yawaita a Somaliya da Yaman da Bangaladash. A zaure ɗaya za ka ga malami ya bar furfurarsa fara sol, abokin karatunsa kuma ya mai da tasa ja, kowanne da hujjarsa a littafi, ba mai zargin wani.

Shi katam ɗin da littattafai ke ambata, tsiro ne da ke fitowa a duwatsun Yaman, yana ba da launi mai duhu, idan an haɗa shi da lalle sai gashi ya fito tsakanin ja da baƙi. Ba ya fitowa a ƙasarmu. Abin da muke da shi mai irin wannan aiki shi ne baba, wato ganyen da marina ke yin shuni da shi.

Dalilin da Ya Sa Ja Ya Zama na Tsofaffi

A nan akwai wani bayani na kimiyya wanda ya warware abin da tarihi kaɗai ba zai warware ba. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da ake kira lawson, wanda yawansa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Idan an kwaɓa garin da ruwa, musamman mai ɗan tsami kamar na lemun tsami ko tsamiya, aka bar shi ya tsima, sai sinadarin ya fito. Da zarar ya haɗu da abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi, sai ya kama shi kam, ba ya sakinsa. Shi ya sa lallen hannu ke gushewa cikin mako biyu ko uku, domin fata tana saɓulewa a hankali, na farce da na gashi kuwa sai sun yi tsawo an yanke.

Amma lalle ba ya kore launin da ya tarar. Ɗora nasa yake yi a kai, kamar yadda marini ba zai iya mai da baƙin zane ja ba. Gashin Bahaushe baƙi ne wuluk, saboda haka ko an ƙunsa masa lalle, abin da za a gani bai wuce ɗan ƙyalli ja-ja idan rana ta haska shi ba. A kan furfura ne kawai launin ke fitowa sosai, ya yi kamar garwashi. Saboda haka saurayi ba shi da abin da zai samu a rina gemu, sai wanda shekaru suka riga suka share masa fili. Da haka jan gemu ya zama shaida biyu a lokaci guda: mai shi ya manyanta, kuma ya san abin da littafi ya ce.

A ƙasashen Turai lamarin ya sha bamban. Masu jan gashi na halitta ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na mutanen duniya ba, kuma sun fi yawa a Sikotlan da Ailan. A 1995 ne masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. Irin wannan gashi yakan dushe da shekaru, shi ya sa masu shi ke ɗauraye shi da ruwan tsirrai masu ja domin su farfaɗo da launinsa, kuma cikin abin da suke amfani da shi har da zoɓorodonmu. A wurin Bahaushe kuwa, jan gashi a kan yaro abin tsoro ne. Uwa ta san cewa idan gashin ɗanta ya yi ja, ya yi laushi yana zuba, ƙafafu suka kumbura, to tamowa ce. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana wannan ciwo ga likitocin duniya a 1933, ta kuma ba shi sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, a 1935. Launi ɗaya ke nan, a gemun tsoho daraja, a kan yaro alamar yunwa.

Kwalliyar Mata: Shuni a Ka, Lalle a Hannu

Da yake lalle ba ya fitowa a baƙin gashi, matan da suka san kan kwalliya sai suka ba kowane tsiro wurin da ya fi dacewa da shi. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya kuma bi ta Zariya a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya rubuta cewa ya ga matan Kano suna rina gashinsu da shuni, ya kuma ga maza da mata suna rina haƙora da leɓe da furen taba. Shuni yana ƙara wa baƙin gashi duhu da sheƙi, kamar yadda yake yi wa rawani ɗan Kura bayan ya sha bugu. Kuma ba a wahalar samunsa, tun da biranen Hausa cike suke da karofi.

Ja kuwa sai aka kai shi hannu da ƙafa da baki. Tafin hannu da tafin ƙafa su ne wuraren da fatar baƙin mutum ta fi haske da kauri, nan ne lalle ya fi kamawa. Mace takan kwaɓa lalle ta shafa, ta zura hannun cikin zunguru, wato doguwar ƙwarya da aka tanada domin wannan aiki, ƙafa kuma a naɗe ta da ganye da tsumma, a kwana da shi. Baki kuma aikin goro ne da fure. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Nufe ya aiko wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, abin da ke nuna daɗewar wannan ɗan itace a ƙasar. Akwai kuma katambiri na zane a fuska, da tozali na ido, da majigi, wato jan itacen kurmi da ake niƙawa a shafa a jiki.

Babu inda aka adana wannan rayuwa a rubuce kamar littafin Baba of Karo, wanda aka buga a 1954. Baba tsohuwa ce 'yar ƙasar Zazzau, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta rasu a 1951. A cikin labarinta lalle yana fitowa a kusan kowane aure. Shi ne ke buɗe biki: a kama amarya a sa mata lalle tana kuka, ƙawaye suna taya ta, a yi kwanaki ana ƙunshi kafin a kai ta ɗakinta, ango ma ba a barinsa. Har yau idan aka ce an sa wance a lalle, kowa ya san aure ya tabbata.

A ɗaya gefen kuma, rashin lalle ma magana ce. Matar da mijinta ya rasu takan yi takaba wata 4 da kwana 10, kuma Risala ta lissafa lalle cikin abubuwan da za ta ƙaurace wa, tare da tozali da turare. Ranar da ta fita takaba, aka yi mata kitso da ƙunshi, unguwa ta san ta dawo cikin mutane. Saboda haka wanda ya iya karanta hannun mace a tsohon birni yana iya sanin halin da gidanta ke ciki ba tare da ya yi tambaya ba.

Zuwan Rinin Kanti

Sauyin da ya taɓa wannan tsari daga Turai ya taso. A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa rinin farko da ba daga tsiro ko dabba aka samo shi ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. A 1907 kuma Eugène Schueller ya haɗa rinin gashi a Faris, wanda daga gare shi ne kamfanin L'Oréal ya tsiro. Turawa sun shigo Zariya a 1902, ba a daɗe ba jirgin ƙasa ya biyo baya, kantuna suka buɗe a Sabon Gari. A hankali kayan rini na gwangwani suka shiga karofi, atamfa ta ture saƙi, marina suka ragu, shafa shuni a ka ya zama abin da sai a bakin tsofaffi ake jinsa.

Lalle ya fi shuni tsawon rai, domin yana da gindi a aure da addini. Amma shi ma ya sauya kama. Zunguru ya ɓace daga ɗakunan mata. Aka koma yanka salatif ana fitar da zane, daga baya kuma zanen fulawa irin na Sudan da Indiya ya mamaye gidajen biki. Garin lalle na cikin kwali, wanda da yawansa daga yankin Sojat na jihar Rajastan ta Indiya yake fitowa, ya shigo kasuwa yana gogayya da na gida. Sa'an nan ga abin da ake kira baƙin lalle ko dayis.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Babu wani itacen lalle da ke ba da baƙi. Abin da ke sa dayis ya yi baƙi cikin mintuna kaɗan, a mafi yawan lokuta, sinadari ne da ake kira PPD, wanda aka yi domin rinin gashi, kuma hukumomin lafiya na Turai da Amurka ba su yarda a shafa shi a fata kai tsaye ba. Yakan sa fata ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, ta bar tabo daidai siffar zanen. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, yakan zauna da wannan ƙi har ƙarshen rayuwarsa, ta yadda ko rinin gashi na kanti ya shafa daga baya fuska na iya kumbura. Dattawan da suka koma rufe furfura da baƙin rini suna cikin wannan haɗari daidai da amare.

Shi ma lalle na asali yana da inda ake kiyaye shi. Likitoci sun tabbatar da cewa jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya, jininsu na iya fashewa idan aka shafa musu lalle a jiki da yawa. Saboda haka ba a yi wa jariri ƙunshi.

Game da ɗauraye gashi da ruwan zoɓo ko na ganyen shayi da wasu mata ke yi a yau, yana da kyau a san iyakarsa. Jan zoɓo a bayan silin gashi yake kwanciya, ba ya kama shi kamar lalle, wanki ɗaya ko biyu ya tafi. Haka kuma launinsa na son tsami: idan ya haɗu da kanwa ko ruwan toka ko sabulu mai kaifi, sai ya juye ya yi duhu. Masu kwaɓa lalle da ruwan zoɓo suna amfana ne da tsaminsa fiye da jansa. Wanda kuma yake son furfurarsa ta yi duhu ba tare da dayis ba, hanyar na nan tun da can: a fara da lalle, a wanke, sa'an nan a bi da garin baba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa launin da Bahaushe ya zaɓa wa gashinsa bai zo haka kawai ba. Hanyar ayari ta kawo ganye da sunansa, zaurukan karatu irin na Kusfa suka ba shi hukunci, ɗabi'ar ganyen da ta baƙin gashi kuma suka raba aiki tsakanin gemun tsoho da tafin amarya. An rubuta tarihin sarakunan Zazzau da ganuwarta da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, amma tarihin abin da ke cikin ɗakin tsohuwa, da zungurunta da tandun tozalinta, har yanzu mafi yawansa a ka yake. Tsofaffin da suka ga ana shafa shuni a kitso suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya rage ga marubuta da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda birnin ke kusa da su, su shiga gidajen nan da takarda da alƙalami, su tambayi yadda ake kwaɓi, da abin da ake haɗawa, da sunan kowane tsiro, tun masu amsar suna raye. Allah ya ba da iko.